Kawun da Ya Zaɓi Mota a Kwance

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kawu ya riga mu komawa. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar damina, gero yana bununi, a kan shimfiɗarsa da ya ƙi yarda a canza masa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Garinmu a kan dutse yake, tsakanin Dewule da Buza, amma masu gaisuwa sun yi ta hawowa har bayan sadakar bakwai. Mutanen Dewule sun zo a kan jakuna. Ƴan kasuwar Tamaske sun cika mota guda. Direbobin tashar Buza kuwa suka jera motocinsu a ƙofar gidanmu, abin da a shekarun baya ko a mafarki ba za a gani ba. Wani dattijo daga Babankatami, bayan an shafa fatiha, ya karkato ya tambaye ni ƙasa-ƙasa:

"Wai shi na tsohon nan da yat taɓa kwanciya cikin motocin mutane a Madawa?"

Na ce shi ne. Dariya ta kuɓuce masa, ya rufe baki da gefen rawani yana istigfari, sai ga rabin zauren ya kama. Ban ji haushi ba. Da Kawu yana nan, harara ɗaya zai yi musu ya ci gaba da hura gawayin shayinsa.

A cikin gida gaisuwar mata daban ce. Suna shigowa wurin Inna, matar Kawu, wadda ta shayar da ni, kowace tana turo yaro gabanta. Wannan ta ce, "Wanga na kujerar baya na." Waccan ta ce, "Wagga ma." Inna tana shafa kawunan yaran.

Maƙerin garinmu, abokin Kawu tun ɗakin kaciya, ko zama bai yi a tabarma ba. Ya tsaya a bakin zaure, idanunsa jajir, ya ce, "Taurin kai! Tun muna yara haka shike. Ko mutuwa sai da yag gwada mata taurin kai." Ya juya ya nufi maƙera. Wunin ranar muna jin ƙarar masaba, alhali babu wanda ya kai masa aiki.

Sai kuma wani ɗan'uwanmu da ya zo daga Tawa, wanda ya ja ni gefe ya faɗi abin da na san wasu ma suna faɗa a ransu:

"Mota tana ƙohwar gida, kai na direba, ka bari tsoho ya mutu cikin ɗaki ba ka kai shi babbar likita ba?"

Ban ba shi amsa ba a ranar. Amsar doguwa ce, ta faro tun ranar da aka haife ni, kuma ita ce nake so in rubuta kafin masu saninta su ƙare.

Mahaifiyata ƙanwar Kawu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da cikinta na fari ya tsufa, ta dawo gida haihuwa kamar yadda aka saba. Naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta ta kasa. A lokacin babu abin da yake hawa dutsenmu sai ƙafa da jaki. Maza huɗu suka ɗora ta a kan gadon kara, suka saɓa a kafaɗa, suka kama gangara za su Buza. Kawu ne a gaba ta hagu, maƙeri a gaba ta dama. A gindin dutsen, ƙarƙashin wata aduwa, ta ce a sauke ta. Nan ta haife ni, nan jini ya ɓalle, nan ta cika. Da gadon da suka sauko da shi suka sake hawa.

Kawu bai taɓa ba ni wannan labari da bakinsa ba, Inna ce ta ba ni. Shi abin da yake yi biyu ne. Yana kirana Ɗan Hanya, kuma duk lokacin da magana ta yi masa nauyi sai ya kai hannu ya murza kafaɗarsa ta hagu. Amma kowa a garin ya san abin da ya faɗa a bakin kabarinta: in Allah Ya ba shi rai, ba za a ƙara saukar da mace daga garin nan a kafaɗa ba. Mutane sun ɗauke ta maganar mai baƙin ciki, irin wadda ake yi a manta.

Mutum ne mara yawan magana, siriri, mai ɗaure rawani har hanci kamar yadda ya tarar da kakanninsa suna yi. Da awaki ya fi sakin fuska fiye da mutane. Ba ya kai loma baki sai ya tambaya ko dabbobi sun sha ruwa. Yana da magana guda da yake yi wa komai, shayi ne, faɗa ne, ko yaro mai kuka: "A bari ta huce." Mota kuwa ba ya ƙaunarta ko kaɗan. Warin esansi, wato man mota, kawai yana tayar masa da zuciya, kuma ko ina za shi da ƙafa yake zuwa, yana cewa shi bai ga abin gaggawa ba a duniya.

Mahaifiyata ta bar awaki da karsana guda. Mahaifina ya tafi Abijan neman kuɗi ina goye, ya yi wani gida a can, don haka Kawu ne ya riƙe ni ya riƙe su. Tsagar kunnensu daban ya yi musu, kuma bai taɓa kiransu nasa ba, dabbobin marigayiya yake cewa. A shekarar babban fari, da dabbobin mutane suke zubewa a bakin rijiya, ya kora su kudu da ƙafa har ƙasar Sakkwato. Nasa ya riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya yana sayo wa nata dusa. Ya dawo ya rame ya yi baƙi, babu ko akuya guda tasa, amma na marigayiya suna biye da shi.

Ni kuwa ban gaji son noma ba. Tun ban gama girma ba na gudu tashar Madawa na zama aparanti, ina ɗaure kaya ina wanke motar wani. Ina cika shekara goma sha takwas na samu permi, takardar izinin tuƙi. Bayan girbin shekarar Kawu ya aika aka kira ni. Na same shi a gindin rumbu, ya zuba mini shayi mai ɗaci, ya ce:

"Ɗan Hanya, dabbobin uwarka sun isa su zama mota."

Saura kaɗan in tashi sama. Na riga na san abin da nake so: bashe, mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfol, wadda take kwasar buhunan albasa daga fadama, ta kwashi ƴan kasuwa, a ɗora awaki a sama. Duk direban da na sani ya zama wani abu da bashe ya fara. Akwai wata shuɗiya a garejin wani dillali bayan tasha da na daɗe ina shafawa.

Kawu ya sayar da dabbobin, ya taka da ƙafa har Madawa, ya kwana a hanya. Na tarbe shi na kai shi gaban shuɗiyar, na ɗaga murfin gaba, na shiga zuba masa bayanin moter, wato injin, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ko kallon wurin bai yi ba. Ya zagaya baya, ya shafa ƙarfen ƙasan, ya cire takalmansa, ya hau, ya kwanta. A gefe ɗaya ya kwanta, ya naɗe gwiwoyi, ya dafe ciki da hannu biyu.

"Tuƙa," ya ce.

Kafin in zagaya filin garejin, ƴan tasha sun taru. Na tsaya, ya sauko yana riƙe da ƙugu.

"Wagga ta buhunna ta," ya ce. "Nuna mani wata."

Haka muka wuni. Duk ƙaramar motar da take garejin sai da ya kwanta a kujerarta ta baya. Wata ya ce gajera ce, wata ya ce ƙarfe yana sukar haƙarƙari, wata ya ce ƙofarta ba ta buɗewa yadda za a shigar da mutum ba a lanƙwasa shi ba. Yana tambaya ko wani zai iya zama ta wajen kai ya tallafe mai kwanciya. Masu fura sun bar ƙwaryarsu sun zo kallo, yara suna bin mu, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, don a tashar nan nake cin abinci. Da ya ga shi siriri ne, gwajin bai cika ba, sai ya dubi dillalin, wani ƙato mai tumbi, ya ce:

"Kai ka hi ni ciki. Kwanta mu gani."

Dillali yana son ciniki. Ya tattara babbar rigarsa ya kwanta. Har yau tsofaffin direbobin Madawa suna ba da wannan labari.

Wadda ya zaɓa wata tsohuwar berlin ce, ƙaramar mota mai rufi, samfurin kat-san-kat, fara, fentinta ya koɗe, ta wani malamin lakwal, makarantar boko, da ya yi ritaya. Moter ɗinta lafiya lau, wannan ba zan ɓoye ba. Kujerarta ta baya kuwa mai faɗi ce da taushi, ƙofofin suna buɗewa har ƙarshe. Raina ya ɓaci, na manta a gaban mutane muke.

"Kawu, wagga mutum nawa za ta ɗauka? Albasa hwa? Kuma ta yi ƙasa da yawa, ba ta hawan dutsenmu."

Ya ɗauka dabara ce nake yi don in maido shi kan bashe. Ya ce, "Dabbobin uwarka na. Ba na albasa ba na."

"Uwata ta rasu, Kawu. Ni ka da rai, ni ka bukatar ci."

Ya kai hannu ya murza kafaɗa, sannan ya ce, "A bari ta huce." Ya juya ya ƙulla ciniki.

Har gobe ina ganin ina da gaskiyata a maganar ci. Waɗanda muka fara tare da bashe sun gina gidajen siminti, wasu sun je Makka. Ni har yanzu ɗakina na ƙasa ne.

A ranar ya yarda ya yi tafiya a mota, karo na farko da na sani. A baya ya kwanta, yana amai a cikin tsohuwar ƙwarya, yana cewa in tafi a hankali. Muka wuce Buza, muka bar jan titi, muka iso gindin dutsenmu, daidai aduwar nan. Na sa giya na kama hawa. Ba mu yi nisa ba sai ƙwam! Cikin motar ya daki dutse. Na ja baya na sake ta wani gefen, ƙwam! Na kashe ta na fito.

Kawu ya duba faɗin kujera, ya duba taushi, ya duba ƙofa, amma bai taɓa sunkuyawa ya leƙa ƙasan mota ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa da jaki, kuma jaki ba ruwansa da tsayin dutse, ɗaga ƙafa yake ya wuce. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai abin hawa mai jan ciki ba.

Gari duka ya gangaro kallon motar da ta kasa hawa. Maƙeri ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa, ya tashi yana dariya har da riƙe ciki.

"Ka saida shanu ka sawo kunkuru! Kai, kunkuru ma shina hawan dutse!"

Daga ranar sunanta ya zama Kunkuru. Abin dariya ne ga kowa ban da Kawu. Ya tsaya yana kallon motar a ƙarƙashin aduwar da ƙanwarsa ta cika. Gangarar da ta kashe ta tana nan yadda take, kuma duk macen da za ta shiga wannan kujera sai an fara sauko da ita a kafaɗa. Na ga fuskarsa, haushin da nake ji ya ragu.

"Na yi kuskure," ya ce mini. "Na duba bisa, ban duba ƙasa ba."

Na ce mu mayar da ita, dillali zai karɓa ya ba mu shuɗiyar.

"A'a. Mota ba ta da laihi. Hanya ta."

Washegari da safe ya je maƙera da wani guntun ƙarfen mota, ya ce a ƙera masa abin tone dutse. Maƙeri yana duka yana tsiya: "Dutsen da kakanninmu sunka hau don su ɓuya ma mahara, shi za ka buɗe ma kunkuru?" Wasu dattawa ma da gaske suka ƙi abin, suna cewa hanya ba ta kawo komai sai jandarma da masu haraji. Kawu ya saurare su har suka gama, ya saɓa ƙarfensa ya gangara.

Ya yanki wata sanda daidai tsayin da yake tsakanin cikin motar da ƙasa. Da ita yake aiki. Ya tsayar da ita kusa da dutse, in dutsen ya fi ta tsayi, to, ba shi da wurin zama. Ƙanana ya tone su ya mirgina gefe. Manya ya tara musu kara ya cinna wuta, in sun yi zafi ya kwara musu ruwa su tsage, ya bi da ƙarfe. Sandar nan ba ta rabuwa da shi, har masallaci da ita yake zuwa, yara suna cewa Kawu yana auna duniya. Daga an gama girbi har ruwan farko yana kan gangarar nan, shi kaɗai, da butarsa da ɗan tukunyar shayi.

Mata ne suka fara kama masa. Ba wanda ya ce su yi. In sun taso daga rijiya sai wata ta rage masa ruwa a tulu don tsaga dutse, wata ta ɗauke ɗan dutse guda ta jefar gefe ta wuce. Su sun san abin da yake yi, ba sai an yi musu bayani ba. Da abin ya yi yawa kunya ta kama maza, aka kira gayya, har da makaɗi. Maƙeri ne ya zo a ƙarshe, yana cewa ya zo ne ya ga wauta kusa da kusa, amma shi ya fi kowa ɗaga manyan duwatsu a ranar.

Ni kuwa ina jigila tsakanin Buza da Madawa, ina samun na hatsi da na esansi. Kawu ya kafa mini doka guda, kuma bai taɓa sassauta ta ba: Kunkuru a gida take kwana, ko da a gindin dutse ne, in kuma akwai mace a watanta a garin, ba na wuce Buza. Mata suna gaya wa Inna, Inna tana gaya masa a kan tuwo, "Akwai mai wata." Shi ke nan, an ɗaure ni. Shatar Tawa da ta Ƙonni nawa ta wuce ni saboda wannan doka, na bar wa Allah. A shekarar yunwar da ta biyo baya na ce masa mu sayar da motar mu sayi hatsi. Ya ce sai bayan ransa. Muka ci ganye tare da kowa.

Rani ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, ban riƙe ko nawa ba. Ranar da Kunkuru ta hau, Kawu ne a gaba da sandarsa, yana tafiya yana aunawa, ni ina biye da shi a hankali kamar mai bin jana'iza. Mata suna ta guɗa daga sama. Da na tsaya a ƙofar gidanmu na kashe mota, ko murmushi bai yi ba. Ya shige ɗaki ya saki labule. Inna ta ce mini kuka ya yi, irin wanda bai yi ba ranar da aka binne ƙanwarsa.

Ba zan ce duk wadda ta kwanta a kujerar nan ta dawo ba. Akwai wadda ta cika a likitar Buza, wato asibitin can, akwai wadda ta dawo hannu wofi. Rai na Allah ne. Amma tun daga ranar ba a ƙara kwance gadon kara an saɓa a kafaɗa ba a garinmu. Aikin kuma bai ƙare ba, don kowace damina ruwa yana mirgino sababbin duwatsu. In cikin motar ya daki ɗaya, daga gida Kawu yake jin ƙarar. Kafin in iso ya saɓa ƙarfe, mu yi kiciɓis a hanya, ya wuce ni ko sannu babu.

Bana ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Da ƙyar na shawo kansa na kai shi Buza. Yana kwance a baya na ji ya ce, "Ashe da gaskiya tana da daɗi." Majo, babban ma'aikacin likitar, ya duba shi ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, a kai shi Tawa, kuma a shirya zama, ba zuwa a dawo ba ne. Kawu ya ce to, a bar shi ya koma gida ya yi sallama.

Da yammar ranar Inna ta kawo masa kunu, bakinta ya riga ta, don ta saba: "Akwai mai wata." Surukar maƙeri ce, matar autansa, yarinya ƙarama, cikin fari, kuma ungozoma ta ce kwanciyar ɗan ba ta yi mata ba. Inna ta so ta haɗiye maganar, amma ta riga ta fita.

Kawu ya ajiye ludayi. "To, ba mu tahiya."

Na ce zan kai shi in juyo a ranar, in bar shi da ɗan'uwanmu na Tawa.

"Korama nawa ka tsakaninmu da Tawa? In ruwa ya zaka kana wancan gehe, ƙaƙa za a yi? Ni na iya jira, Ɗan Hanya. Naƙuda ba ta jira. In ta sauka lahiya, sai mu tahi."

Na roƙe shi, Inna ta yi kuka, liman ya zo ya yi masa magana. Maƙeri da ya ji labari ya faɗo ɗakin ko sallama babu, yana faɗa kamar zai doke shi.

"Tashi ka tahi, mai taurin kai! Surukata ta, ba taka ba. In ta kama, mu ɗauke ta bisa kahwaɗa, yanzu ai hanya ta yi kyau!"

Kawu ya dube shi, yana numfashi da ƙyar. "Kai ka riƙe da dama rannan. Ka manta nauyin gadon da munka hawo da shi?"

Maƙeri ya zauna a bakin shimfiɗar, ya kama ƙafar Kawu mai kumburi yana matsawa.

Muka zauna jira. Kowace safiya ina tayar da mota in duba ta, in koma in zauna kusa da shi. Kowace safiya tambayarsa ta farko ita ce ko yarinyar ta sauka. Ba ta sauka ba, shi kuma yana ta raguwa a gabana. Na ji haushinsa a kwanakin nan, haushi mai tsanani, kuma ban taɓa sonsa kamar a kwanakin ba. Ko Tawa za ta tashe shi, ban sani ba. Majo ya ce mai yiwuwa ne. Allah ne Masani. Abin da na sani shi ne motar tana ƙofar gida, makullin yana aljihuna, kuma da na ɗauke shi da ƙarfi da na rushe abin da ya kwashe rayuwarsa yana ginawa. Wannan ce amsata ga ɗan'uwanmu na Tawa.

Washegarin sadakar uku, rana ta ɗan ɗaga, aka aiko daga gidan maƙeri. Na tashi daga tabarmar gaisuwa na kai mota har bakin ɗakinta. Ƙofar baya ta buɗe har ƙarshe, aka shigar da ita ba a lanƙwasa ta ba. Ta kwanta a gefe ɗaya, gwiwoyi a naɗe, hannu biyu a ciki, uwar mijinta ta zauna ta wajen kai ta tallafe ta. Da na waiwaya na gan ta a haka, sai na ga tsohon nan a garejin Madawa, ƴan tasha suna yi masa dariya. Na share ido na ja mota. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, koramar hanyar Tawa tana cike, amma ta Buza a buɗe take.

Ta sha wuya ƙwarai. Ta rayu, ta samu ɗiya mace.

Ranar da aka sallame su, maƙeri ya ce da shi za a je ɗauko su. Yana gaba kusa da ni, mai jego da jaririya da uwar miji suna baya. Muka wuce aduwa, muka kama hawa. A tsakiyar gangara sai ƙwam! Ruwa ya mirgino wani dutse. Na taka birki, kuma wallahi sai da na ɗaga kai na dubi sama, ina jiran in ga siririn mutum yana gangarowa da ƙarfe a kafaɗa. Babu kowa a hanyar.

Maƙeri ya buɗe ƙofa ya fita. Ya zagaya ya buɗe bayan motar, ya zaro ƙarfen Kawu, wanda ban san lokacin da ya sa shi a ciki ba. Bakinsa sabo ne fil, yana ƙyalli. Sai a lokacin na gane abin da ya wuni yana duka ranar jana'iza. Ya miƙo hannu ta taga.

"Ba ni sandar."

Tana nan kusa da kujerata, inda Inna ta ajiye mini ita. Na miƙa masa. Ya tsayar da ita kusa da dutsen, ya ga dutsen ya fi ta, ya tattara rigarsa ya shiga tono. Na yunƙura zan fito in kama masa, ya daka mini tsawa in zauna, akwai mai jego a mota. Da ya mirgina shi gefe, ya dawo yana haki, ya zauna, ya ɗora ƙarfen da sandar a cinyarsa.

"Ja mu tahi, ɗana," ya ce. "A hankali. Gobe ni sauko in duba sauran."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya haɗa shi da ƙanwarsa. Yadda ya kawar wa matan garinmu da duwatsu, Allah Ya kawar masa da na tasa hanyar, Ya sa makwancinsa ya fi kujerar baya faɗi da taushi. Amin.